Tarihin Horar da Masu Binciken Harkokin Mulki a Amurka

Akwai wata al'ada da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke bi a Amurka, ta ɗaukar matashin da ya gama digiri, a yanka masa alawus na shekara ɗaya ko biyu, a sa shi ya binciki yadda gwamnati take tara kuɗi, da yadda take kashe su, da abin da talaka yake gani a ƙasa bayan an kashe. Wannan al'ada ta samo asali ne a birnin New York a farkon ƙarni na 20, a wani ƙaramin ofishi da 'yan gari suka kafa da kuɗin attajirai, shekaru kafin jami'o'in ƙasar su yarda cewa aikin gwamnati fanni ne da ya cancanci a koyar da shi.

A shekarar 1898 aka haɗe Manhattan da Brooklyn da Bronx da Queens da tsibirin Staten suka zama birni guda. Ƙidayar 1900 ta nuna mutanen birnin sun kai kimanin miliyan 3.4, da yawansu baƙi ne da suka sauko daga jiragen ruwan Turai. Ƙungiyar Tammany Hall, wadda ke juya akalar jam'iyyar Democrat a Manhattan, ita ce ke rabon aiki da kwangila, kuma ladan biyayya ne ake rabawa. Adalci shi ne a faɗi cewa Tammany ba ta riƙe talakawa da ƙarya zalla ba. Shugabanta na unguwa shi ne mai sama wa baƙo aiki, mai kai wa gwauruwa gawayi a lokacin hunturu, mai karɓo belin yaro a wurin 'yan sanda. Sai dai kuɗin wannan alheri daga baitulmalin birni suke fitowa, ta hanyar kwangilar da aka ninka farashinta da ma'aikatan da ba sa zuwa aiki. Masu neman gyara sukan yunƙuro su ci zaɓe, kamar yadda Seth Low ya zama magajin gari a zaɓen 1901, amma a zaɓen 1903 Tammany ta dawo ta tarar da komai yadda ta bar shi. Dalilin a fili yake: kowane sashe na hukumar birni yana neman kuɗinsa ne a dunƙule, ba a fayyace nawa ne na albashi, nawa ne na kaya, kuma kowane ofis da irin yadda yake rubuta lissafinsa. Ko magajin gari mai gaskiya ba shi da hanyar sanin inda kuɗin suke shiga.

Mutum uku ne suka ɗauki wannan a matsayin ainihin ciwon. William Allen ma'aikacin wata tsohuwar ƙungiyar taimakon matalauta ne, Frederick Cleveland masanin lissafin kuɗi ne mai koyarwa a jami'a, Henry Bruère kuwa matashi ne da ya fara aikin jin daɗin jama'a. Wani attajiri mai suna Fulton Cutting ya tsaya musu. Sun fara a 1906 a ƙarƙashin wata ƙungiyar 'yan gari, a 1907 kuma suka yi rajistar ofishinsu mai cin gashin kansa, Ofishin Binciken Harkokin Birni na New York. Andrew Carnegie da John D. Rockefeller suna cikin waɗanda suka ba da kuɗi.

Aikinsu na farko shi ne ya fito da sunansu. Bruère ya nufi ofishin shugaban gundumar Manhattan, John Ahearn, wanda ɗan Tammany ne, yana neman ganin takardun gyaran tituna. Da aka toshe musu ƙofa, sai shi da mutanensa suka bi titunan da ƙafa, suna rubuta inda shimfiɗa ta farfashe da inda ramuka suke, suna gwada abin da idonsu ya gani da abin da aka ce an biya. Rahoton da suka fitar ya sa magajin gari George McClellan ya ɗora wa wani matashin lauya, John Purroy Mitchel, binciken hukuma. A watan Disamba na 1907 gwamnan jihar, Charles Evans Hughes, ya tsige Ahearn daga kujerarsa saboda sakaci da aiki. Kansilolin Tammany suka sake zaɓensa, aka yi ta shari'a har kotu ta raba shi da kujerar a 1909. Abin lura a nan shi ne ba a kama Ahearn da hannu cikin baitulmali ba. An nuna ne kawai, da alƙaluma, cewa an biya kuɗin aiki kuma aikin bai yiwu ba, wannan kuwa sabon makami ne a siyasar birnin.

Daga nan ofishin ya taimaka wa sashen lafiya ya tsara buƙatarsa ta kuɗi dalla-dalla, layi bayan layi, har hukumar birni ta umarci sauran sassa su bi wannan tsari. A 1908 suka shirya wani baje-koli na kasafin kuɗi domin jama'ar gari. An jera taswirori da hotuna, an kuma ajiye kayan da hukuma ta saya, irin su maratayin hula, kowanne da farashinsa na kanti a gefe guda da abin da birni ya biya a ɗaya gefen. Gani ya kori ji. A 1910 da 1911 hukumar birnin da kanta ta karɓi shirya bajen, dubban ɗaruruwan mutane suka je kallo.

Nasarar ce ta haifar da matsalar ƙarancin ma'aikata. Philadelphia ta kafa irin wannan ofishi a 1908, Cincinnati a 1909, Chicago a 1910, kowanne yana aiko wa New York a ba shi mutumin da ya iya aikin, alhali babu inda ake koyar da shi. Jami'o'i suna koyar da tsarin mulki da falsafar siyasa, amma ba mai koya wa ɗalibi yadda ake karanta takardar biya ko yadda ake gane an yi coge a kwangilar kwashe shara. Mary Harriman, matar attajirin jiragen ƙasa Edward Harriman wanda ya rasu a 1909, tana sha'awar yadda Ingila take jawo haziƙan 'ya'yanta zuwa aikin gwamnati. Ta tuntuɓi wasu manyan jami'o'i da tayin kuɗi, ba su nuna sha'awa ba, sai ta juya ga ofishin binciken. A 1911 aka buɗe Makarantar Horo don Aikin Jama'a a cikinsa, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a Amurka.

Tsarin koyarwar ya fi kama da na yaron maƙeri, wanda ke koyon ƙira a bakin wuta yana riƙe da zugazugi. Ɗaliban, waɗanda akasarinsu sun riga sun gama jami'a, ana haɗa kowannensu da wani babban ma'aikacin ofishin, a tura shi wani sashe na hukumar birni da tambaya takamaimai. Wani ya wuni yana bin jerin sunayen masu karɓar albashi, wani yana duba yadda ake sayen kayan asibiti, wani yana zana yadda takarda take tafiya daga tebur zuwa tebur kafin a biya ɗan kwangila. In ya dawo ya rubuta abin da ya gano, a zauna a tsefe rubutun, a mayar masa ya gyara. Darasin aji yana biyo bayan aikin ne domin ya fassara shi. Masanin tarihi Charles Beard na Jami'ar Columbia, wanda ya karɓi shugabancin makarantar a 1915, ya ƙara mata karatun littafi, amma bai taɓa wannan ginshiƙi ba. Abubuwa huɗu da ake gani a irin waɗannan gurabe har yau, wato matashi mai digiri, da ubangida mai lura da shi, da aiki na gaske wanda wani zai yi amfani da sakamakonsa, da ƙayyadadden lokaci, duk a nan aka haɗa su.

Uku daga cikin ɗaliban makarantar sun isa su nuna abin da ta haifa. Luther Gulick, ɗan masu wa'azin Kirista da aka haifa a Osaka ta Japan a 1892, ya zauna a ofishin har ya zama shugabansa a 1921, daga baya kuma ya kasance ɗaya daga cikin mutum uku na kwamitin da shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa a 1936 domin sake fasalin fadar shugaban ƙasa. Lent Upson ya tafi Dayton, daga can ya wuce Detroit inda ya shugabanci ofishin binciken birnin tun kafa shi a 1916 har 1944. Wannan ofishi shi ne ya zama Majalisar Binciken 'Yan Ƙasa ta jihar Michigan, wadda ta sa wa gurbinta na ɗaliban digiri na biyu sunan Upson da na magajinsa Loren Miller.

Na ukun shi ne Robert Moses, wanda ya shiga makarantar a 1913 bayan karatu a Yale da Oxford. Lokacin da Mitchel ya zama magajin gari a 1914, an ba Moses aikin tsara yadda za a auna ƙwazon ma'aikatan birni da maki, a daidaita albashinsu. Ma'aikata da Tammany suka yi masa taron dangi, shirin ya mutu, Mitchel kuma ya sha mummunan kaye a zaɓen 1917. Darasin da Moses ya ɗauka shi ne ilimi ba ya aiki sai da iko. Ya shafe shekaru sama da arba'in yana gina gadoji da manyan hanyoyi da wuraren shaƙatawa a New York ba tare da an taɓa zaɓensa a kowace kujera ba, ayyukansa kuma suka tashi dubban ɗaruruwan mutane daga gidajensu, mafi yawansu talakawa, kamar yadda Robert Caro ya bayyana a littafin tarihinsa na 1974. Makarantar da aka kafa domin jama'a su san abin da ake yi da kuɗinsu ita ce ta horar da mutumin da ya fi kowa iya ɓoye wa jama'a lissafi, kuma duk mai yabon wannan al'ada ya wajaba ya lissafa Moses a cikin 'ya'yanta.

Rikicin da ya fi tona asirin inda raunin tsarin yake ya faru ne a 1914. Allen ya yi imani cewa bincike na jama'a ne: a buga shi a ƙananan takardu, a aika wa mutane ta gidan waya, a tayar da ƙura har sai hukuma ta motsa. Cleveland yana ganin aikin na ƙwararru ne, a yi shi cikin natsuwa tare da shugabannin hukuma. Saɓanin ya tsananta bayan Allen ya tsoma baki a rigimar binciken makarantun birnin. John D. Rockefeller ƙarami ya nuna zai ci gaba da ba da kuɗi in aka rage wannan salo na tallata bincike, amintattun ofishin suka karkata ga Cleveland, Allen ya ajiye aiki. Daga baya ya tsaya gaban wani kwamitin tarayya mai binciken dangantakar ma'aikata da masu masana'antu, ya yi zargin cewa kuɗin Rockefeller ne suka sauya alƙiblar ofishin. Masana tarihi sun bambanta kan yawan laifin da za a ɗora wa kowane ɓangare, domin Allen ma mutum ne mai wuyar sha'ani. Amma sakamakon bai ɓuya ba. Daga wannan shekara ofishin ya rage magana da 'yan gari, ya ƙara magana da masu mulki, ɗalibansa kuma suka tashi da wannan tarbiyya. Mai ba da kuɗi bai buƙaci ya sauya ko da alƙalami ɗaya a cikin rahoto ba. Ya isa ya zaɓi irin aikin da zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa.

Akwai kuma waɗanda aka bari a waje. A daidai wannan zamani mata masu ilimi, irin su Jane Addams da ta kafa gidan Hull a Chicago a 1889, suna zaune a unguwannin talakawa suna tattara bayanai kan albashi da cututtuka da aikin ƙananan yara, bincikensu kuma ya haifar da dokoki. Camilla Stivers ta nuna a littafinta na 2000 yadda aka ware wannan a matsayin aikin jin ƙai na mata, aka bar wa mazan ofisoshin bincike sunan masana harkar mulki. Fannin ya yi asara a nan, domin ya ƙware wajen tambayar nawa aka kashe, ya yi rauni wajen tambayar wa ya amfana.

Daga birni al'amarin ya hau zuwa tarayya. Shugaba William Taft ya naɗa Cleveland ya jagoranci wani kwamitin tsimi da inganta aiki, wanda a 1912 ya ba da shawarar ƙasar ta riƙa yin kasafin kuɗi guda daga hannun shugaban ƙasa. Majalisa ta yi watsi da shawarar. A 1916 wasu daga cikin masu wannan ra'ayi suka kafa Cibiyar Binciken Gwamnati a Washington ƙarƙashin William Willoughby, wadda ta taimaka wajen tsara dokar kasafin kuɗi ta 1921. Wani ɗan kasuwar St. Louis, Robert Brookings, wanda ya ga ruɗanin gwamnati da idonsa lokacin da yake kula da ƙayyade farashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rungumi cibiyar. Ya ƙara kafa cibiyar nazarin tattalin arziki a 1922 da kuɗin gidauniyar Carnegie, sannan makarantar digirin digirgir wadda ta tsaya da ƙafarta a 1924. Ɗalibanta suna zaune gida ɗaya a Washington, suna cin abinci tare da malamansu, karatun kuma na muhawara ne da bincike a ma'aikatun gwamnati. Isador Lubin, wanda ya shugabanci hukumar ƙididdigar ƙwadago a zamanin Roosevelt, da Mordecai Ezekiel, mai ba ministan noma shawara, duk a nan suka sami digirinsu. A 1927 aka haɗe ukun suka zama Cibiyar Brookings. Makarantar ta narke a cikin haɗin duk da ƙorafin ɗalibanta, shugabanta Walton Hamilton ya koma Yale. Abin da ya maye gurbinta sannu a hankali shi ne tsarin da aka fi sani yanzu: ɗalibi yana da rajista a jami'arsa, cibiya kuma ta ba shi alawus da tebur da damar shiga ofisoshi ya kammala kundinsa.

Haka ta faru a New York. A 1924 aka mayar da babban ɓangaren koyarwar zuwa sabuwar Makarantar Maxwell ta Jami'ar Syracuse, ƙarƙashin William Mosher, wanda shi ma daga ofishin ya fito. Jami'o'in da suka ƙi tayin Mary Harriman sun dawo suna neman fannin, aka raba aiki: digiri na jami'a, gogewa ta ƙungiya.

Tsarin ya ƙetare teku tun da wuri. Toronto ta kafa nata ofishin a 1914. A 1922 magajin garin Tokyo, Goto Shinpei, ya gayyaci Beard ya taimaka wa sabuwar cibiyar binciken birnin, ya kuma sake kiransa bayan girgizar ƙasar 1923. Wani reshe ya iso har Zariya. Donald Stone, ɗaya daga cikin ɗaliban farko na Maxwell, shi ne ya kafa makarantar harkokin jama'a ta Jami'ar Pittsburgh a 1957, wadda a farkon shekarun 1960 ta aiko da malamai zuwa Cibiyar Koyon Mulki da ke unguwar Kongo a Zariya, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, lokacin da cibiyar take shiga Jami'ar Ahmadu Bello.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gurabe suka yawaita. Gidauniyar Coro, wadda Donald Fletcher da Van Duyn Dodge suka kafa a San Francisco a 1942, ta fara shirinta a 1947 da tsofaffin sojoji. Nata salon shi ne a zagaya da matashi cikin watanni tara: ya zauna a ofishin gwamnati, da kamfani, da ƙungiyar ƙwadago, da ofishin yaƙin neman zaɓe, domin ya ga al'amari ɗaya ta fuskoki da yawa. Dianne Feinstein, wadda ta zama magajiyar garin San Francisco kuma sanata, ta bi ta wannan shiri a tsakiyar shekarun 1950. Gwamnati ma ta kwaikwaya. A 1964 shugaba Lyndon Johnson ya kafa gurabe a Fadar White House bisa shawarar John Gardner na gidauniyar Carnegie, Colin Powell kuma yana cikin waɗanda aka ɗauka a 1972.

Tambayar 1914 ta sake tasowa a 1969. Ya fito fili cewa gidauniyar Ford ta ba wasu hadiman Sanata Robert Kennedy su takwas tallafin tafiye-tafiye da nazari bayan kashe shi, 'yan majalisa suka ga wannan siyasa ce aka lulluɓe da mayafin ilimi. Dokar haraji ta wannan shekara ta wajabta wa gidauniyoyi su riƙa ba da tallafin ɗaiɗaikun mutane ta hanyar zaɓe mai ƙa'ida, ba son kai, wadda hukumar haraji ta amince da ita tun da farko. Wannan na cikin dalilan da suka sa cike fom da wasiƙun shaida da kwamitin tantancewa suka zama dole. Dokar ta gyara yadda ake zaɓen mutum, amma ba ta hana cibiya ta kasance da aƙida ba. Gidauniyar Heritage da aka kafa a 1973 da Cibiyar Cato ta 1977 sun fito fili da ra'ayinsu, masu adawa da su ma suka kafa nasu, kowane ɓangare yana renon matasansa. Tun daga lokacin, gurbin bincike a wata cibiya kan zama shaidar ɓangaren da matashi ya dosa, ƙungiyoyin da suka riƙe tsohuwar ƙa'idar rashin jam'iyya kuwa, irin na jihohi da birane, su ne mafi ƙarancin kuɗi.

Saura batun alawus, wanda shi ne ke yanke hukuncin wanda zai iya shiga. Washington da New York suna cikin biranen da suka fi tsadar haya a ƙasar, ɗalibin Amurka kuma yakan fito daga jami'a da bashin karatu a wuyansa. Gurbin da ba ya biya, ko wanda yake biyan abin da bai kai kuɗin ɗaki ba, na ɗan mai hali ne ko da an rubuta cewa ƙofa a buɗe take ga kowa. Tun da ta wannan ƙofa ake shiga sahun masu tsara manufofin ƙasa, rowar alawus tana nufin waɗanda za su rubuta dokar tallafin abinci da ta gidajen talakawa su ne waɗanda ba su taɓa buƙatar ko ɗaya ba. An daɗe ana wannan ƙorafi kafin a fara saurarawa. Majalisar dokokin tarayya ta ware kuɗi na musamman domin biyan matasa masu koyon aiki a ofisoshin 'yan majalisa daga 2019, Fadar White House kuwa ba ta fara biyan nata ba sai a 2022.